Yadda Yayata Ta Ɓoye Hayaƙi

Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na fara riƙe fensir. Ajin yaƙi da jahilci ne a Wurno, cikin wani zaure, muna zaune a tabarma, kwandunan albasarmu jingine a bakin ƙofa. Masu ba ni ƙarfin gwiwa suka ce gemu ba ya hana ilimi. Na ce to ni da ko gemun ba ni da shi, mi zai hana ni? Daga nan ban tsaya ba. Na zauna jarrabawa da sa'o'in ɗana, suna kallona suna ƙunshe dariya, na yi digiri, na ƙara na biyu, kafin in gama furfura ta cinye rabin kaina.

Duk tsawon wannan karatu ni ke rubuta wa ƙungiyarmu ta mata masu albasa takardun neman tallafi. Wasu su ci, yawanci su faɗi. Saboda haka da wata makaranta a birni ta buɗe kwas na masu digiri na biyu kan yadda ƙungiyoyi masu zaman kansu ke neman tallafi daga manyan hukumomi da gidauniyoyi, aka nemi wanda aka sha hana shi har ya saba, sai aka tuna da ni. Duk Asabar nakan shiga mota daga Wurno in tafi in koya wa mutane yadda ake miƙa hannu da turanci.

Ɗalibaina ba yara ba ne. Magidanta ne da matan aure, ma'aikatan ƙananan hukumomi, ma'aikatan asibiti, da masu ƙungiyoyin da ofishinsu bai wuce jakar hannu ba. Shugaban aji wani jami'i ne daga Rabah, mai babbar riga da ta sha sitati har tana ƙara in ya zauna. Mutumin kirki ne, sai dai in ƙaramar kalma da babba suka zo gabansa, babbar zai ɗauka ko da ba ta shiga ƙofar.

Ranar farko na ce musu, “Ku buɗe kunnuwanku. Roƙo muka zo koyo.”

Shugaban aji ya ɗaga hannu, rigarsa ta yi ƙara.

“Hajiya Malama, ai tattara albarkatu ake cewa.”

Na ce, “To, tattara. Albarkatun suna Abuja ko ƙetare, kai kana Rabah, ka miƙa hannu da takarda a ciki. Kakata ta san sunan wannan abu, kuma ba ta yi digiri ba.”

Na bayyana musu cewa bambancinmu da maroƙi ɗaya ne tak. Maroƙi yana wasa mai bayarwa, ya ce shi ne giwa, shi ne ruwan dare. Mu kuwa kanmu muke tsiyatawa, mu ce mu ne ƙarshen wahala, a rubuce, da sa hannu da hatimi. Na ce musu mai ba da tallafi kamar kifi yake, kowane da abin da yake ci, wanda ya sa wa tarwaɗa abincin karfasa zai wuni a bakin ruwa. Kuma suna da damina da rani irin nasu. Wata shekara mata ake yayi, wata shekara matasa, wata shekara sauyin yanayi. Kafin ka rubuta harafi ɗaya, ka fara tambaya: bana mi ake ci? Kada ka roƙi abin da kake so, ka nemo abin da suke son bayarwa, ka lallaɓa naka ka cusa a ciki. Suka rubuta duka, har da tarwaɗar.

Dokar kwas ɗin ita ce kowane aji ya rubuta takarda ɗaya ta gaske, don mutane na gaske, a aika. A shekarar da nake ba da labari na kawo musu matan da ke bandar kifi a wata unguwa kusa da dam ɗin Goronyo. Ban ɓoye musu komai ba, na ce shugabar matan yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma haka muka rubuta a takardar don kada wani ya ce an yi ƙumbiya-ƙumbiya.

Yaya ta girme ni sosai, ita ta goya ni. Ni aure ya kai ni Wurno na koma albasa, ita ta tsaya a sana'ar Innarmu. Masunta su kawo kifi da safe, a wanke, a lanƙwasa, a jera a kan waya bisa rami, a hura ɗanyen icce a ƙasa, mace ta duƙa a kai tana juyawa har yamma. Tun tana budurwa take cikin hayaƙin nan. Idanunta kullum ja, kullum ruwa, gefen mayafinta ya zama hankici. Na taɓa jan ta da ƙyar zuwa asibitin ido, likita ya duba ya ce in ba ta rabu da hayaƙi ba, ganinta zai tafi, kuma na hagu ya riga ya kama hanya. Muna fitowa ta ce, “Wanga yaro bai san komi ba. Gado na. Inna ma haka nata sunka yi.” Na ce Inna ma ai banda take yi. Ta ce in rufe mata baki.

Akwai murhun banda na ƙarfe, mai ƙofa kamar kabad, mai bututu da ke kai hayaƙi sama. Mace ta jera kifinta ta rufe, ta koma inuwa ta zauna. Shi nake so wa Yaya da matan unguwarsu kafin idon ya ƙarasa. Abin da ke raina ke nan, ban da wani.

Amma ba wanda ke ba da tallafi don idon tsohuwa. Muka bincika, muka ga bana sauyin yanayi ake ci. Saboda haka a takardarmu murhun ya zama na ceton itatuwa, tunda iccen da yake ci kaɗan ne. Idon Yaya ya samu layi biyu a can ƙasa, bayan an gama jajanta wa gawo da bagaruwa. Shugaban aji ya karɓi sashen bayyana matsala, ya zage. Ya rubuta cewa matan masu rauni ne, talauci ya yi musu katutu, ba su da galihu, ba su da murya. Da ya karanta a aji na riƙe cikina don dariya. Yaya ce ba ta da murya? Matar da in ta kira jikanta daga tsakar gida masunta ke waiwayowa daga cikin kwalekwale? Amma yadda na koya musu ke nan, na ce ya yi kyau, a aika.

Bayan an girbe gero amsa ta zo. Mun tsallake matakin farko, za su turo mutum biyu su ga wurin da idonsu. Ajin ya kaure da murna. Ni kuwa ban taya su ba, don na san gidanmu. Washegari na shiga motar Goronyo.

Na same ta a bakin rami, hayaƙi ya rufe ta har sai da na bi muryarta.

“Yaya, baƙi za su zo daga Abuja.”

“Marhabin da su. Yaushe?”

“Ba irin baƙin da kika sani ba ne. Waɗannan wahala suka zo gani. Ku bar komai yadda yake. A hura wuta, a yi banda, kowa ta sa zanen aikinta. In sun tambaye ki ido, ki buɗe musu su gani.”

Ta miƙe a hankali, ta share ido da gefen mayafi, ta dube ni sama da ƙasa.

“Ke Auta, bokon ga ya taɓa miki kai ko? Mutum ya taso tun daga Habuja, in tarbe shi da zanen hayaƙi? Mi za a ce da gidanmu cikin Goronyo?”

“Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

“Ke gaban baƙi kika wanka?”

Matan da ke gefe suka fashe da dariya. Na zauna na yi bayani tun daga tushe, kamar a aji. Na ce in ba su ga hayaƙi ba babu murhu, in babu murhu babu ido. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “To, na jiya.” Duk wanda ya tashi a hannun Yaya ya san wannan “to” ɗin. Shi take yi wa mai kifi in ya faɗi farashin da ba za ta biya ba.

Ranar zuwan baƙin muka taso da hantsi, ni da ɗalibai a bas, farar motar baƙin tana biye da mu. Tun daga kan titi na san an gama da ni. Kullum kafin ka ga unguwar hancinka ke fara isa, kuma za ka hango shuɗin hayaƙi kwance a kan rufin gidaje. Ran nan sama wasai, kamar an wanke ta.

Muka shiga muka tarar da rumfar haya irin ta biki, da kujerun roba a jere. Ramukan banda an rufe su da zana, an shimfiɗa tabarmi a kai, an ɗora darduma. Bangon da hayaƙin shekaru ya mayar baƙi ƙirin an shafe shi da farar ƙasa, ko bushewa bai gama ba. Matan sun yi anko, atamfa ɗaya, ɗauri ɗaya, har da waɗanda na san zanensu biyu ne a duniya. Daga baya na ji har Shinaka aka aika aron sarƙoƙi. A tsakiya ga Yaya a kujera mai hannu, cikin leshi, 'yan kunne suna rawa, ta kuma toshe fuska da wani ƙaton baƙin tabarau irin na 'yan acaɓa. Ƙamshin naman rago ya cika wurin.

Baƙin suka fito. Wata mata ce siririya mai jin Hausa sama-sama, da wani saurayin ma'aikaci riƙe da na'ura yana latsawa. Kafin su zauna sai ga maroƙi ya ɓullo daga bayan rumfa. Ashe har shi Yaya ta ɗauko.

“Ga matan bakin ruwa! Ga masu kifi, ga masu abin hannu! Ba ku roƙo, sai dai a roƙe ku! Gidan da baƙo ke shiga da rama ya fita da ƙiba!”

Matar ta juya ga shugaban aji, wanda muka naɗa tafinta, ta ce mi yake cewa? Na ga gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula. Ya gyara murya ya ce da turanci, mutumin yana bayyana irin mawuyacin halin da al'umma ke ciki. A daidai lokacin maroƙin ya yi tsalle ya juya, mata suka rangaɗa guɗa. Matar ta dubi maroƙin, ta dubi tafinta, ta rubuta wani abu.

Aka zo tambayoyi. Matar ta ce da Yaya, a cikin Hausarta mai ɗingishi, “Mama, mene ne matsala naku a nan?”

Yaya ta ce, “Alhamdu lillahi. Sai godiya.”

“Aiki yana wahala?”

“Aiki da godiya.”

“Hayaƙi fa? Takarda ya ce akwai hayaƙi da yawa.”

Yaya ta waiga dama, ta waiga hagu, ta ɗaga kai sama ta dubi sararin Allah.

“Wane hayaƙi, ɗiyata?”

“Ido naki lafiya?”

“Garau. Allura nika sa ma zare.”

Matan suka amsa baki ɗaya, “Ƙwarai kuwa!” Saurayin ya yi ta latsa na'ura. Ya tambayi inda ake bandar, aka nuna masa wani wuri can bayan gari, aka ce da nisa, kuma rana ta yi zafi, baƙo ba ya shan rana. Alhali kujerarsa a kan ramin take. Ina kallon ƙafar kujerar ɗaya tana nitsewa cikin darduma a hankali, ina addu'a ta burma da shi, ko Allah ya sa gaskiya ta fito. Ba ta burma ba. Matan Goronyo sun iya saƙa zana.

Sai aka kawo abinci, tuwon shinkafa, farfesun tarwaɗa, naman rago, fura da nono a ƙwarya sabuwa. Matar ta haɗa hannu ta ba da haƙuri, ta ce dokar ofishinsu ta hana su cin abinci ko karɓar kyauta a wurin masu neman tallafi. Shugaban aji ya fassara, wannan karon daidai. Yaya ta ce, “Tambaye ta, mayu anka ce mata muna?” Ya juya ya ce wa matar, Mama tana yaba wa ƙa'idarku. Direbansu ne ya fitar da mu kunya. Bahaushe ne, ya ce shi dokar ba ta hau kansa ba, ya nannaɗe hannun riga ya zauna. Da za su tafi kuma ya buɗe bayan mota aka loda kwandon kifi da buhun albasa, baƙin suna kallon wani gefe.

Ƙurar motarsu ba ta kwanta ba na ja Yaya bayan ɗaki.

“Kin kashe mu! Wata nawa muna wannan aiki?”

“Na rufa muna asiri dai.”

“Da asirin za ki riƙa gani? Abin da kuka kashe a ragon nan da rumfar nan da ankon nan, da an kama hanyar murhu ɗaya!”

Ta cire tabarau. Ruwa na bin kumatunta, kuma ba kuka take ba, idon ne kawai. Ta ce, “Inna ta mutu ba ta ganin tahin hannunta, amma har anka binne ta ba wanda yat taɓa jin ta ce ba ta da. Ni za ki sa in zauna gaban ɗiyar da na isa in haihi uwatta in ce duba ni, ni matsiyaciya ta? Ke dai da kinka yi boko, je ki hwaɗa musu. Ni ban iyawa.”

Ina da amsa, don ban taɓa rasa amsa ba. Amma na juya na shiga bas na zauna. Mun kusa Wurno sai shugaban aji ya ce a hankali, “Amma fa farfesun ya yi daɗi.”

Wasiƙarsu ta zo da yabo cike da shafi. Sun ce ƙungiyar ta burge su, mata ne masu haɗin kai, masu tsafta, masu dogaro da kai, saboda haka ba sa cikin waɗanda suka fi buƙatar murhu. Amma sun zaɓe ta ta zama abin koyi, suna gayyatar shugabar zuwa taron bita a wani otal a birni, ta koya wa sauran mata sirrin juriya. A nan muka gane kiɗan ma ya fara canzawa, juriya ake shirin ci baɗi. Shugaban aji ya ɗaga hannu.

“Hajiya Malama, wannan nasara ce ko faɗuwa?”

Na ce, “A rahoto ka rubuta nasara. In ka koma gida ka yi kuka.”

Yaya ta tafi taron, da leshinta da tabarau. An ce da aka ba ta abin magana ta ce musu sirrin juriya shi ne a tashi da asuba, a sayi icce tun da rani, kuma kada a bar miji ya sa baki a farashin kifi. Aka rubuta a babbar takarda aka manna a bango, aka tafa. Aka ba ta riga mai rubutu a ƙirji da jakar leda mai igiya.

Ranar da za a rufe taron na biya otal ɗin bayan na tashi daga aji. Na same ta a ɗakinta, zaune a bakin gado, ta lulluɓa da bargo saboda ta kasa kashe na'urar sanyi kuma ba za ta tambaya ba. Babu tabarau. Kwanaki ke nan ba ta shaƙi hayaƙi ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka yaye ni. Jan idon ya ragu, mayafinta a bushe. Ta ƙura mini ido har na tsargu.

“Auta, ashe haka kinka tsuhwa?”

“Sai yau kika gani?”

“Sai yau.” Ta nuna labulen taga. “Wancan ma da niz zaka na ɗauka tsanwa na zalla. Ashe da 'yan tsuntsaye a jiki.”

Muka zuba wa tsuntsayen labule ido. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Ashe dai hayaƙin na.”

Ban ce na faɗa miki ba. Allah ya sani na so, har harshena ya yi ƙaiƙayi.

Da sabon aji ya shigo, muka nemo wata gidauniya da ke yayin lafiyar mata, muka sake ɗaura niyya. Wannan karon Yaya ta kafa sharaɗi. Ta ce ba abin da za a aika da sunan unguwarsu sai an karanta mata shi da Hausa, kalma bayan kalma. Sabbin ɗaliban sun kwafi sashen bayyana matsala daga tsohuwar takarda, don haka na aika wa tsohon shugaban aji a Rabah na ce mai abu shi zai karanta abinsa. Ya riga ya gama kwas, amma ya zo, Allah ya saka masa. Ya durƙusa gabanta a tsakar gida, riga tana ƙara, matan unguwa sun kewaye shi.

“Waɗannan mata masu rauni ne...”

“Wa? Ni ka ɗaukar kwandon da kai ba ka iya ɗagawa. Goge.”

Ya goge. “Talauci ya yi musu katutu...”

“A gidan ubanwa? Kai da kac ci ragona? Goge.”

“Ba su da galihu, ba su da...” Ya tsaya, ya dube ni. Na ɗauke kai. “Ba su da murya, Inna.”

Abin da ya biyo baya ba zai rubutu ba. Ya isa in ce wani masunci ya leƙo ta katanga yana tambaya ko gobara ce. Da ƙura ta lafa, takardar ta rame, ba abin da ya rage a sashen sai 'yan layuka: mata ne masu sana'a, suna ciyar da gidajensu da ita, hayaƙin sana'ar yana cinye musu ido, ga takardar likita. A raina na ce wannan ba za ta ci ba, ba ta da mai ko kaɗan.

Saura hoton da za a haɗa da takardar. Yaya ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito cikin leshi, da sarƙa, da ɗauri ya kai haka. Na buɗe baki ta ɗaga mini hannu.

“Ido kinka ce suna son gani. Ga ido. Tsiya kuwa ban da ita, ba ni aro don su.”

Ta ja kujera har bakin rami, wuta na ci, hayaƙi na tashi, ta zauna ta miƙe wuya kamar uwar amarya, ta buɗe idanun nan jajaye tana kallon mai ɗauka. Haka hoton ya tafi.

Takardar ta ci. Kada a tambaye ni dalili, don na aika waɗanda suka fi ta kyau suka faɗi. Wataƙila hoton ne, wataƙila a shekarar ido ake ci. Sai dai tsakanin an amince da an kawo akwai tafiya. Aka nemi takardar rajista, aka nemi ta banki, aka ce hatimin bai fito ba a sake, aka ce jami'in da ke riƙe da fayil ɗin ya tafi hutu. Damina ta zo ta wuce, Yaya tana duƙe a bakin rami, don ciki ba ya jiran hatimi. Ranar da motar ta sauke murahun a unguwar, idon hagu ya riga ya tafi, sai inuwa take gani da shi. Na dama likita ya ce zai zauna in ta kiyaye.

Yaya ta sake yanka rago. Maƙeran da suka zo kafawa ba su da wata doka, suka ci har suka kwance ɗamara.

Har yanzu ina zuwa aji duk Asabar, kuma har yanzu ranar farko nakan ce roƙo muka zo koyo, wani mai sitati ya ɗaga hannu. Abin da na ƙara shi ne, duk wanda ya rubuta cewa mutane ba su da murya, zai je ya durƙusa a tsakar gidansu ya karanta musu. Takardun ajina sun rage kitse tun daga lokacin. Ba su fi na da ci ba, ba su kuma fi su faɗuwa ba.

Kwanan baya na je Goronyo. Hayaƙi na fita ta bututu yana tafiyarsa sama, Yaya tana inuwa tana tsintar shinkafa, ta karkata kai gefen dama. A jikin kowane murhu akwai farantin ƙarfe da sunan gidauniyar, kuma yarjejeniya ta ce dole ya kasance a bayyane. Nata na ga an rataya masa wani ɗan kyalle mai ado, kamar labulen amarya. Na kai hannu zan ɗaga.

“Bar shi nan. Surukan jikata ka zuwa yau.”

“Yaya, in mutanen suka zo duba aiki fa?”

“In na Habuja na, a buɗe. In baƙin gida na, a ruhe. Na ce musu ni nis saya.” Ta kanne idon da ya mutu, ta auna ni da mai ran. “Ke kuma gyara ɗaurin ga naki, ya karkace. Malama guda, kamar wadda anka koro.”